Gwangwanin Gwaggo: A Ɗauki Hoton Tsofaffin Kuɗi Ko A Bar Su Cikin Tsumma?

A ƙasan adakar gwaggona a Kelle akwai wani gwangwanin madara da tsatsa ta cinye rubutun jikinsa tun ban san kaina ba. Kowa a dangi ya san da shi, amma ba wanda ya san abin da ke ciki. Sai da mijinta ya rasu, muka taru rabon gado bayan ta fita takaba, sannan ta fito da shi da hannunta, don kada wani ya yi kuskuren lissafa shi cikin kayan mamaci. "Wannan na uwata ne," ta ce. Ta kwance ƙullin tsumma uku, ta zazzage a tabarma.

Ƙararsu ce ta fara sa mu yin shiru, don azurfa tana da wani dogon amo da kuɗin yanzu ba su da shi. Akwai liyari goma sha bakwai, manyan nan masu kan mace a gefe guda da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen, waɗanda Barebari ke kira gursu. Akwai dalar azurfa ta Faransa guda tara. Sauran kuwa tarkace ne: aninai da kwabbai masu huji a tsakiya, sisi da taro na Ingilishi, tamma da tamma biyu marasa nauyi masu kan barewa, wasu ƙananan kuɗi masu rubutun Larabci, sai wuri cikin tafin hannu guda.

Ƙanena, wanda ke karatu a jami'ar Damagaram, ya zaro waya. Kafin ya saita ta baffanmu ya ɗaga masa hannu.

"Kai, mayar da abin nan aljihu."

"Baffa, don a adana ne kawai."

"Shekara nawa suna nan a adane ba da wayarka ba?"

Gardamar da ta tashi a tabarmar nan har yau ba ta kwanta a gidanmu ba. Na kuma lura ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Daga duwatsun Kutus zuwa Muniyo, gida nawa ne babu irin wannan ƙulli a ƙasan akwati ko cikin tukunyar da aka liƙe bakinta? Gida nawa ne kuma babu yaro mai waya? Ni da farko ina bayan ƙanena gaba ɗaya. Yanzu ma ina bayansa, sai dai na rage ɗaga murya.

Hujjarsa ta farko ita ce wadda kowa ya taɓa gani da idonsa. Tsohuwa ta rasu, a ce tana da liyari ashirin, a zo rabo a tarar da goma sha ɗaya. Tsakanin ɗakin mamaciya da zauren da malam yake zaune, gwangwani yakan rame. Wanda ya ɗauka ba zai faɗa ba, wanda bai ɗauka ba ma ana kallonsa, zumuncin shekara arba'in ya lalace a kan abin da ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Wataƙila ma ba wanda ya ɗauki komai. Ita ce ta sayar da su tun da ranta ba ta gaya wa kowa ba. Da akwai hoto da kwanan wata, da bakin kowa ya mutu. Ƙanena ya kan ƙara da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, saboda haka rubuta dukiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baffa bai musa wannan ba. Ya dai ce bashi tsakanin mutum biyu ne, gwangwani kuwa na mutum ɗaya ne.

Sai maganar sata. A ce an fasa adakar, an je wurin jandarma a Gure. Za su tambaya me aka ɗauka, a ce tsofaffin kuɗi. Guda nawa? Wane iri? Da me za ku gane su in an kamo su a hannun wani a kasuwar Dole? Nan magana ke ƙarewa. Kada a ce wannan sakacin mutanen karkara ne. A watan Agusta na 2023 gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, wanda ya cika rumbunansa da kayan duniya, ya fito ya ce kaya wajen dubu biyu sun ɓace ko an lalata su daga ma'ajiyarsa, galibi ƙananan duwatsu masu sassaƙa da kayan zinariya. Da yawa daga ciki ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, ba a kuma rubuta su yadda ya kamata ba, don haka ko an gan su a kasuwa da wuya a rantse cewa su ne. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki, su kuma suka yi alkawarin ɗaukar hoton duk abin da suka mallaka. Tun 1997 cibiyar Getty ta Amurka ta fitar da wani ɗan tsari da 'yan sandan duniya na Interpol ke aiki da shi wajen neman kayan tarihi da aka sace. Abu na farko a tsarin shi ne hoto, sai awo, sai rubutun da ke jikin kayan, sai duk wata alama da ta raba shi da irinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne inda liyari ke da wata matsala tasa, kuma nan ne na fara ganin abin ya fi ƙarfin latsa waya. Matar da ke jikinsa Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu sun riga sun yarda da kuɗin, ba sa son a sauya ko ɗigo, saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ta 1780 har bayan mutuwarta, a Biyana, daga baya har a Roma da Landan da Faris da Bombai. An buga fiye da miliyan ɗari uku, kuma Biyana ba ta daina ba har gobe. Ke nan liyarin da aka buga a zamanin Sarki Tanimu na Damagaram da wanda aka buga bara, shekara ɗaya ce a jikinsu, fuska ɗaya, tsuntsu ɗaya. Baffa da ya ji haka ya yi dariya. Ya ce to hoton na mene ne, tunda in ka ga ɗaya ka ga duka?

Amsar tana kan tabarmar, sai da na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na gan ta. Guda huɗu suna da huji a sama, inda aka zura zare aka rataya a wuya ko aka kitsa cikin gashi, kuma hujin kowane daban yake: wani da ƙusa aka yi shi ya bar tsaga, wani maƙeri ne ya huda shi sumul. Biyu suna da tabon walda inda aka taɓa liƙa musu kunne. Ɗaya an kankare gefensa da wuƙa, da alama wani mai shakka ne ya so ganin ko azurfa ce har ciki. Wani kuma ya sha hannu har fuskar sarauniyar ta shafe, sai inuwarta. Masu tara tsofaffin kuɗi a Turai suna ƙin irin waɗannan. A wurinsu huji aibi ne da ke karya farashi. A Kelle kuwa raunin nan shi ne shaida. Yadda makiyayi ke gane raƙuminsa da tambarin wuta a cinya, haka gwaggo ke gane liyarinta da tabo. Hoton da bai nuna tabon ba, hoton kowane liyari ne a duniya, ba nata ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi ja na, ko da yake ita ce ta fi ƙaranci a idon baffa. Gwangwanin nan taswira ce. Wurin da ke ciki daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya taso, ya ratso duniya kafin ya zo hannun kakanninmu. Shi ne asalin kalmar kuɗi kanta. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani nan da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin liyari ɗaya wuri dubu biyu da ɗari biyar, wato keso guda na wuri zambar ashirin liyari takwas ke nan. A ƙarshen 1852 ya ratso ta Gure, ya gana da Muniyoma Koso, ya wuce Damagaram. Dalolin azurfar Faransa, masu kan Napoliyon na Uku da masu mutum uku a tsaye, sun yaɗu ne da mulkin mallaka, bayan yaƙin Tirmini na 1899, lokacin da aka ce haraji sai da kuɗin Nasara. Sunan nan dala shi ƙaramin jan kuɗin tamma biyar na yau ya gada, shi ya sa har yanzu muke cewa dala ashirin maimakon tamma ɗari. Aninai da kwabbai daga kudu suka hauro, daga Nguru da Kano, a lalitar fatake. Cikin aninan har na tsinci ɗaya na 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da bai cika shekara a kan mulki ba ya sauka. Kuɗin Afirka ta Yamma na cikin 'yan kaɗan a duniya da suka fita da sunansa. Masu rubutun Larabcin kuwa na Sudan ne da Masar da Saudiyya, canjin da ya rage a hannun kakan gwaggo da ya je Makka ta ƙasa, ya yi shekaru a hanya yana aikin auduga yana tara guzuri.

André Salifou ya rubuta tarihin daular Damagaram a 1971, Stephen Baier ya rubuta na tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, dukkansu sun yi aiki da takardun Turawa da bakin tsofaffi. Da za a sami hotunan gwangwanaye hamsin na Kutus, kowane da bayanin mai shi, da an ga wane kuɗi ya iso nan, daga ina, a hannun wa, da hujjar da mutum zai riƙe ya juya. Kuma abin da ba a ɗauka ba yana tafiya ba sallama. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Wanda bai taɓa ganinsa ba, yanzu sai dai a nuna masa hoto.

To, baffa ba jahili ba ne, kuma ba ƙin zamani yake yi ba. Shi ma da waya yake jin farashin raguna a Maigatari. Tsoronsa shi ne hoto yana da ƙafa. Ka ɗauka yau don ajiya, gobe ka tura wa ɗan'uwa a Yamai don ya gani, shi ya tura wa aboki mai sanin farashi, kafin sati hoton yana yawo a zaurukan WhatsApp da ba ka san da su ba, ana cewa ga abin da wata tsohuwa ta ɓoye a Kelle. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi ba tare da mai wayar ya sani ba. A lokacin da ake ciki, da ɓarayi ke bin labarin wanda ya sayar da raƙumi, wa zai so a san ɗakinsa akwai azurfa? Ga jita-jitar da ba ta mutuwa, cewa kwabo mai huji ana sayensa miliyoyi. Kwabon ba ya kai komai, an buga irinsa ba iyaka, amma wanda ya gaskata zai haura katanga dominsa kamar yadda zai haura don zinariya. Gwangwanin gwaggo babu kwaɗo, babu mai gadi. Rashin sanin mutane shi ne kaɗai makullinsa, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ƙasarmu ma ta ɗanɗana wannan a babban mataki. A 1975 aka gano tsofaffin kaburburan Bura a yammacin Nijar, masu tukwane da gumakan ƙasa. Boubé Gado ya tona wurin a kimiyyance a 1983. Da aka kai wasu kayan baje koli a Faris a 1993, hotunansu suka shiga littattafai da mujallu, dillalan kayan tarihi suka san da su, sai mahaƙan dare suka afka wa yankin suka yi kaca-kaca da wurare masu yawa, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. An nuna ne don a daraja, nunin ya zama talla. In ƙanena ya kawo Landan, baffa yana da ikon kawo Bura.

Akwai kuma gaskiyar da masu son hoto ba sa son ji: hoto ba ya hana narkarwa. Ɓarawon liyari ba zai kai shi kasuwa a yadda yake ba. Wurin maƙerin fari zai bi da shi, wanda bai san na sata ba ne, cikin rabin yini ya koma zobe ko munduwa, don da ma da liyari maƙeran ƙasar nan suka daɗe suna ƙera kayan ado. Huji da tabon da na yi ta yabo duk sun tafi cikin wuta. A Jamus, a watan Nuwamba na 2022, ɓarayi sun kwashe tsofaffin kuɗin zinariya 483 daga gidan tarihi na garin Manching cikin mintuna tara. Kowane ɗaya yana da hoto da lamba. Da aka kama mutanen a Yulin 2023, abin da aka samu a hannun ɗayansu dunƙulen narkakkiyar zinariya ne guda goma sha takwas. Abin da ya nuna asalin dunƙulen a nan gwajin ƙarfen ne, da ya dace da na kuɗin da aka sace.

Baffa yana da wata magana da ta fi waɗannan duka sa ni dariya, don gaskiya ce tsirara. Ya ce dalar nan mai kan Napoliyon ta haura shekara ɗari da hamsin, gara ba ta ci ta ba, ruwa bai ɓata ta ba. Wayar ƙanena kuwa ita ce ta uku cikin shekara biyar: ɗaya ta faɗa rijiya, ɗaya aka zare a tasha, hotunan bikin ƙanwarmu duk suka bi su. Wane ne zai adana wane? Takarda ma gara na jiranta. Kuma hoto ba ya auna nauyi, ba ya amo. Liyarin gaske giram ashirin da takwas ne da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin dubu azurfa. Na jabu da aka zuba da dalma ko farin ƙarfe a hoto sak yake da shi. Maƙeri ba ya tambayar hoto. Yakan ɗora kuɗin a kan yatsa ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya sa a ma'auni.

Batun addini an taɓo shi, amma bai yi nisa ba. Wani ya ce ga kan mace ba lulluɓi a jikin kuɗin, yanzu kuma za a ƙara yin hoton hoto. Limamin da ya raba gadon ya tuna mana cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki, masu kawunan sarakunansu, sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla. Amma shi limamin ne ya ɗago wata da ba mu yi tsammani ba: zakka. Nisabin azurfa dirhami ɗari biyu ne, wanda malaman zamani ke ƙiyastawa da giram 595. Muka buga lissafi. Tsantsar azurfar liyari ɗaya ta kai giram ashirin da uku da ɗoriya, ta dalar Faransa ashirin da biyu da rabi. Goma sha bakwai da tara sun ba da wajen giram ɗari shida, in sababbi ne. Waɗannan kuwa sun sha hannu sun rage nauyi, huɗu kuma an huda su an yi ado da su, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka. Abin ya tsaya a kan gaɓa. Hoto ba zai warware shi ba, sai ma'auni da fatawa. Amma da ba a zazzage an ƙirga ba, da tambayar ma ba ta taso ba. Ƙanena ya ce wannan hujjarsa ce, baffa ya ce tasa ce, na rasa wanda zan ba.

Duk wannan gardamar maza ce. Mai gwangwanin tana zaune tana jinmu, ba wanda ya tambaye ta. Sai da dare, ina taya ta mayar da kaya cikin adaka, ta ce da ni, "Ɗan nan, ka san da ashirin ne?"

Na ce ban sani ba, Gwaggo.

Ta ce a yunwar 1984 ta fitar da uku, ta ba wani bafatake ya sayar mata a Damagaram, ta sayi hatsi. Mijinta har ya koma ga Allah bai san inda hatsin ya fito ba. Ya ɗauka ragowar rumbu ce ta yi albarka. Ta bar shi a haka don kada ya ji kunyar cewa mace ce ta ciyar da gidan. Shekarar nan ce kuma Najeriya ta sauya launin takardun naira ta rufe iyaka, fatake da yawa na wannan gefen suka wayi gari da takardun da ba sa sayen komai. Bayan shekara goma, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Azurfarta ba ta san an yi ba. "In da an rubuta ashirin," ta ce, "da sai na yi wa wani bayanin inda uku suka tafi."

Wannan ita ce hujjar da ta fi duk na baffa nauyi, kuma shi bai ma san da ita ba. Ƙullin nan shi ne bankin mace, kamar jeren kwanonin da ke ɗakinta. Amfaninsa yana cikin cewa ba a san adadinsa ba. Da zarar ɗa ya san akwai goma sha bakwai, ranar da jarinsa ya karye ya san ƙofar da zai durƙusa. Miji ya sani, suruki ya sani. Ba sata za su yi ba, roƙo za su yi, wanda ya fi sata wuyar hanawa. Mu da muka yi boko muna ɗaukar lissafi kamar abu ne marar ɓangare, alhali duk lissafi akwai wanda yake ƙara wa ƙarfi da wanda yake rage wa. A Landan rashin rubutu ya kare ɓarawo. A ɗakin gwaggo shi ya kare mai kaya shekara arba'in.

Duk da haka ban koma bayan baffa ba. Sirrin nan yana aiki ne muddin tana raye da hankalinta. Ranar da ta faɗi, sirrin da ya kare ta shi zai cuci 'ya'yanta mata, waɗanda ba su ne ke fara shiga ɗaki ba. Kuma ita kaɗai ta san wane liyari aka kitsa wa uwarta ranar aure, wane ne ya zo a sadaki, wane ƙaramin kuɗi ne ya dawo daga Makka. Azurfar za ta kai wata shekara ɗari. Bayanin ne ke da kwana ƙidayayye. Abubuwan da baffa ke tsoro, in an duba, kusan duka a turawa suke, ba a ɗauka ba. Abin da gwaggo ke tsoro kuwa yana ga wanda ya riƙe lissafin. Waɗannan biyun ana iya yi musu dabara, amma tsohuwar da ta tafi da labarinta ba a yi mata.

Aikin kansa ba wuya, haƙuri yake so. Da hantsi ake yi, a bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe guda ya fito da tudu da kwarin rubutu. Hasken waya yana wanke azurfa ta zama farin faifai. A shimfiɗa baƙin ƙyalle. A jingina wayar a kan wani abu don kada hannu ya yi rawa, ta kalli kuɗin daga sama sosai. Kowane kuɗi gaba da baya, liyari har da gefensa, don akwai rubutu a kewayen. A ajiye 'yar takarda mai lamba kusa da shi, da dala ashirin ta yanzu don a gane girma. Kada a goge su da toka ko tsamiya ko lemon tsami. Baƙin da ke jiki shekaru ne suka yi shi, gogewa kuma tana cin ƙarfen tana share ƙananan alamomi. A kashe abin nuna wuri kafin a fara. A ari ma'aunin maƙeri, a rubuta nauyin kowane a littafi gefen lambarsa, a bar fili a ƙasa don abin da mai shi za ta faɗa.

Haka muka yi bayan kwana biyu, da safe, baffa ya tafi kasuwa. Sharuɗɗan nata ne. Ni kaɗai, ban da ƙanena, don ta ce bakinsa da yatsunsa duk ba sa zama wuri ɗaya. Za a wanke hotunan a takarda a Damagaram, inda ba a san ta ba, in tsaya a kai har a goge su daga na'urar mai shagon, in dawo in goge na wayata a gabanta. Kwafi biyu: ɗaya cikin leda a ƙasan adaka, ɗaya a manne cikin ambulan a wurin babbar 'yarta da ke aure a Gure, kada a buɗe sai ta mutu. Kuma kada in rubuta jimla a ko'ina. Kowane da shafinsa, in ta sayar da ɗaya ta yage shafin, ta aika a yage na Gure. Na ce Gwaggo, ai lambobin za su nuna akwai giɓi. Ta ce to kada in sa lamba, in sa suna. Haka aka yi: mai tsaga, mai kunne, na Makka, shafaffe.

Ƙanena ya ce wannan ba ajiyar tarihi ba ce, tunda babu masanin da zai taɓa ganinta. Yana da gaskiya, taswirar Kutus da nake mafarki ba za ta samu ta wannan hanya ba, aƙalla ba yanzu ba. Baffa da ya ji labari daga baya ya ce mai shagon hoto ma mutum ne mai ido.

Liyari goma sha shida na ɗauka. Na goma sha bakwai, wanda zaren kitso ya ci bakin hujinsa har ya yi tsawo, ta ɗauke shi daga kan ƙyallen kafin in kai gare shi, ta ƙulle a haɓar zane. Na tambaye ta labarinsa. Ta ce shayina yana hucewa.